Akwatin Wuƙaƙe a Unguwar Shanu

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da wata abokiyar aikina, za mu sunan jikar yayata a Badarawa. Kirista ce, muna koyarwa a makaranta ɗaya. Tun da aka kashe ƙaninta a wani rikicin Kaduna ba ta sake taka unguwannin garin da ke arewacin kogi ba, inda Badarawa take. Sai da na yi wa mijinta alkawarin zan dawo masa da ita lafiya.

Direba ya ce dubu huɗu kowace kujera, ya kuma cusa mu huɗu a baya kamar buhunan albasa. A Mararrabar Jos muka sayi ƙosai, uku naira ɗari biyu, kowanne bai fi maɓallin riga ba. Muna sauka Kawo muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa Unguwar Shanu, don a can nake sayen naman mai jego.

Ana cikin yanka mana sai muka ga mutane na gudu, ana rufe shaguna. Wani ya wuce yana ihu wai an fara kashe namu a ƙetaren gada. Abokiyata ta damƙe hannuna. Ni kuwa ba abin da nake gani sai wuƙaƙe ta ko'ina.

Sai wani dattijo, shugaban mahautan wurin, ya buga tire sau uku. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Mahauta suka jeru, kowa ya zo ya jefa wuƙarsa da gatarinsa cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Wani ƙato ya tsaya yana huci, ya ƙi bayarwa. Dattijon ya kira shi da sunan uwarsa, ya miƙa hannu kawai, sai ga wuƙa. Ya danna kwaɗo, ya hau akwatin ya zauna.

Ya dubi abokiyata ya ce, "'Yata, zo ki zauna bayana. Yaya sunanki?" Ta faɗa masa. Ya maimaita da ƙarfi, kowa ya ji.

Daga nan ya kira a waya wani mai sayar da nama a ƙetaren kogi, Kirista, wanda shi ma yana da irin akwatin. Mutumin ya shaida masa ashe direbobi biyu ne suka yi dambe kan fasinja. Aka buɗe kwaɗo, ciniki ya ci gaba, har da ƙarin tsoka muka samu.

Na tambaye shi me ya sa ya nemi sunanta. Ya ce, "Hajiya, na ga wancan rikicin da idona. Ba wanda ya kashe maƙwabcinsa sai da ya fara daina kiran sunansa, ya koma cewa 'su'. Mai suna yana da wuyar yankawa."

Mun ci tuwon suna, ta ɗauki jaririya, muka iso Zariya kafin magariba. Na miƙa ta ga mijinta kamar yadda na yi alkawari.

Dattijon ya burge ni, ya kuma ba ni kunya. Shekara tara muna aiki tare da matar nan, na san an kashe ƙaninta, ban taɓa tambayar sunansa ba. Washegari a ofis na tambaya. Ta faɗa mini, tana kuka.