Kitson Yaya Asabe a Gidan Yari

Da tsinkar tumatir ta bana Yaya Asabe ta cika shekara talatin da shida da rasuwa. Ba na son rubutun tunawa da mamaci, don yabo ake jerawa kamar kowa waliyyi ne. Yayata tana da faɗa, tana da kafiya, in ta sa ki gaba da magana sai kin gwammace duka. Bana dai na kasa yin shiru, kuma haushi ne ya sa ni ɗaukar biro fiye da kewa.

Malamar asibiti ce a wani ɗan sha-ka-tafi tsakanin Kura da Bunkure, a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da ruwan noman rani ya cika ƙasarmu da baƙi. Mata 'yan ƙwadago kan wuni a duƙe suna tsinkar tumatir. Bayan mutum ba ƙarfe ba ne, don haka da yawansu na shan ƙwayar ƙarfi, wasu na sayar da ita a ƙarƙashin farantin gyaɗa. In 'yan sanda suka yi kame su ake kwasa, daga caji ofis sai kotu, daga kotu sai gidan yari a birni.

Lokacin ne rediyo ta fara maganar cutar da yanzu kowa ke kira ƙanjamau. Mu dai cewa muke ta Turawa ce. Wani likita ya shirya bincike kan yadda za a kare matan da ke tsare, ya nemi macen da ta san 'yan yankinmu, aka ba shi Yaya. Takarda ce mai tambayoyi: kina shan ƙwaya, ana yi miki allura, maza nawa kika sani. Gandirobiya na tsaye a kai, in an gama kuma a ce mace ta dangwala yatsa. To dangwalen da suka yi na ƙarshe, a caji ofis, shi ya kawo su gidan. Kowacce ta ce a'a tun daga sama har ƙasa, likita ya tattara takardunsa ya ce babu abin tsoro a nan.

Yaya ta dawo gida tana huci. "Wallahi ƙarya suka shara masa," ta ce da ni, "kuma ko ni ce haka zan yi." Da mako ya zagayo ta koma ba takarda, sai mataji da man kitso, ta roƙi izini ta gyara wa matan kai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda ta ɗora kai a cinyarki, ba ta kallon idonki, bakinta buɗewa yake yi. A nan wata Dije, uwar 'ya'ya huɗu daga wajen Bunkure, ta faɗi abin da ta ɓoye wa takarda. Akwai mai allura da ke zaga gonaki a keke, yana yi wa masu tsinka allurar ciwon baya, su yi layi ya bi su da allura ɗaya, sai dai ya goge ta a gefen rigarsa. Sauran suka ce haka ne. A ɗakin da suke tsare ma reza ɗaya ce ke yawo, ta yankan farce, ta tsagar ciwon kai.

In ta fito sai ta rubuta duk abin da ta ji a littafi, da sunan kowace mace da ƙauyensu, don ta bi su in an sake su. Burinta ɗaya, maganar ta isa inda za a tsayar da mai keken nan. Ta nuna wa likita littafin, ya ce hirar kitso ba bincike ba ce, ina sa hannu? Sau uku tana komawa, a na uku ya ce ta bari ya yi tunani. Ba ta yi na huɗu ba, motar da ta ɗauko ta daga birni ta yi karo kafin Kura.

Kwanan baya 'yar maƙwabciyata ta fito daga tsare, kan maganin tari aka kama ta. Ta ce masu bincike sun je musu da tambayoyi a waya. Na ce kin faɗa musu gaskiya? Ta ce, "Haba Gwaggo, a gaban mai makulli?" Da Yaya za ta ji wannan, na san ba kuka za ta yi ba, faɗa za ta yi. Yanzu akwai gwaji, akwai magani, kowa ya haddace rigakafi ya fi magani, amma har yau ba mu koyi yadda ake tambayar mace mai tsoro ba.

Sai dai mai nuna wani da yatsa ɗaya, saura na kallonsa. Bayan sadakar uku muna haɗa kayanta da Inna muka ga littafin. Inna ba ta san boko ba, ni na karanta mata. Sunayen matan aure ne, wasu mun san mazajensu. Ta ce, "Wannan asirin mutane ne, Ladi. Wanda ya rufa wa wani, Allah zai rufa masa. Kai shi murhu." Na kai shi. Bayan arba'in sai ga likita ya zo ta'aziyya, ya ce ya yi tunani, a ba shi littafin. Na sunkuyar da kai na ce ban gan shi ba.

Mai keken ya ƙara shekaru yana zagaye. Dije ta fito, ta koma tsinka, daga baya ta rame har ta kwanta. Ba a gwada ta ba, don haka ba zan ce ga abin da ya kashe ta ba, amma ban taɓa wuce ƙofar gidansu hankali kwance ba.

Me ya rage na Yaya? Ba asibiti da sunanta, ba takarda da sa hannunta, sai abin da na riƙe a ka, ga shi na faɗa a makare. Allah Ya jiƙanta da rahama. Inna ta rasu tana ganin daidai muka yi, kuma ban ga laifinta ba, sunaye ta ji ta ji tsoro. Ni ce na san karatu, na san ana iya yage sunayen a bar maganar, kuma ni ce na ƙara itace.