Baba Mati da Ƙarfen Tasha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba Mati mai tuta ya rasu ranar Talata, takwas ga Yuli, 2025, da hantsi, ana tsakiyar noman gero.

Baba, kai ne na ƙarshe cikin ma'aikatan tashar jirgin ƙasa ta garinmu, kai ke ɗaga wa jirgi tuta. A bakinka muka ji yadda ake jibge buhunan gyaɗa har su kere rufin ofis, da yadda 'yan talla ke bin tagogin tarago da fura da dafaffen ƙwai. A reshen tsamiyar tasha akwai guntun ƙarfen dogo a rataye. In jirgi ya doso sai ka buga shi da guduma, a ji har ƙauyukan ƙetare.

Jirgi ya daina tsayawa, daga baya ya daina zuwa. Aka kwashe kwano, aka ɓalle ƙofofi, ofis ya koma makwancin awaki. Kai kuwa ba ka ajiye gudumarka ba, sai ka sake wa ƙarfen aiki: duk ran da aka yi rasuwa kai ke buga shi, manoma su yar da fartanya su taho jana'iza. Ran da mahaifiyata Inna Hure ta cika, kana fama da gwiwa, haka ka ja ƙafa har tasha. Filin masallaci bai ɗauke mu ba.

Ranar, muna dawowa daga maƙabarta, ka ce da ni, "Abdussalam, ni ba gona zan bari ba, ba dukiya ba. Sahu uku kawai nake roƙon Allah a kan gawata."

Bana da bazara aka wayi gari 'yan jari-bola sun yanke ƙarfen, sun bar waya tana reto. Kaico! Abin da ya tara mu shekara da shekaru aka ɗora a sikeli kamar ruɓaɓɓen gwangwani. Kowa ya ce a samo wani, kowa ya koma harkarsa. Kai kuwa ba ka sake zama gindin tsamiyar ba.

Ran Talata an yi shela a lasifika, ba ta wuce bakin kasuwa ba. An yi ta buga waya, amma wa ke duƙe a gona da waya a aljihu? Muka jira har rana ta take, liman ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Wallahi na waiga kafin kabbara, zuciyata ta karye: sahu ɗaya ne, shi ma bai cika ba. Sai da yamma mutane suka dawo da laka a ƙafa, suna tambayar wa ya mutu.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Baba Aina'u da 'yarka Ummu Salma, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Sahun da muka kasa cika maka, Allah ya cika shi da mala'ikun rahama. Amin.