Kuben da Ya Ci Sanusi Yana Ƙugun Wani

Shekara tara ke nan da muka binne ƙanina Sanusi, kuma har yau ban huce ba. Na san abin da ake so 'yar'uwar mamaci ta rubuta a rana irin wannan: ta ce mutumin kirki ne, ta yi masa addu'a, ta ja bakinta. Addu'a kullum ina yi masa, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Jan bakin ne na daina, domin bana ɗansa Mansur ya ɗaura ɗamarar bindiga irin wadda ta kashe ubansa, kuma saura ƙiris shirunmu ya ci shi shi ma.

A Treichville aka haifi Sanusi, a gidan hayar da mahaifinmu ya sauka lokacin da fataucin goro ya kawo shi Abidjan. Ni ce babba, ni na goya shi. Faransancinsa ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba, in ya ɗauko karin magana sai ya karya mata ƙafa kafin ya kai ƙarshe, mu yi ta dariya. Ya samu aiki a wani kamfanin tsaro da ke gadin sito-sito a unguwar tashar jiragen ruwa, kuma yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka yarda su riƙe ƙaramar bindiga, saboda natsuwarsa. Mutum ne da ko wuƙar yankan albasa zai miƙa maka sai ya juya ta ya ba ka ta wajen ƙota. Wannan mutumin ne kamfaninsa ya ce ya mutu yana wasa da bindiga.

Bari in faɗi yadda suke aiki, don a nan maganar take. A wurinsu bindiga da ɗamara da kube ba na mutum ba ne, na ƙofar da ake gadi ne. Mai aikin safe ya kwance ya ba mai yamma, mai yamma ya ba mai kwana. Kuben na fata ne, yana da ɗan maɗauri da ke hawa bayan bindiga a ɓalle shi, don kada ta faɗi ko wani ya fizge ta. Sabonsa tauri gare shi, kuma taurin shi ne amfaninsa: bakinsa a tsaye, kunamar bindiga a rufe a ciki, ba abin da zai taɓa ta. To amma shugabansu, wanda suke kira shef, mutum ne mai son burga. Yakan jera su a gaban masu kaya ya ce su zare, wanda ya makara wajen ɓalle maɗauri ya sha zagi. Ga damshin garin nan da ke sa fata fumfuna. Sai 'yan gadin suka yi abin da kowannenmu ya tashi ya ga ana yi wa takalmi da jakar fata, suka riƙa shafa wa kuben man kaɗanya. Wannan ya shafa, wancan ya ƙara, wani ma ya sa reza ya rage maɗaurin. Kafin wani lokaci kube ya yi laushi kamar kunnen akuya.

Sanusi bai ɓoye mini ba. Wata Juma'a ya zo gidana a unguwar Belleville, muna cin acheke, wato dambun rogo, da kifi, sai ya jawo tsohuwar jakata ya danna bakinta da babban yatsa, ya lanƙwashe ciki.

“Yaya, kin ga wannan? Haka etuwi ɗinmu, kuben bindigar nan, ya zama. Wata rana leɓensa zai shiga inda yatsa ke shiga.”

Na ce ya gaya wa shef mana. Ya ce ya faɗa har ya gaji, amsar ɗaya ce kullum: “Débrouille-toi,” wato ka san yadda za ka yi.

Al'adarsa ce ba ya sujada da bindiga a ƙugu. In lokacin salla ya yi sai ya zare ta ya ba abokin aikinsa Bakari, wani ɗan ƙabilar Jula, ya shimfiɗa kwali a inuwar kwantena ya yi sallarsa. Ranar da abin ya faru ma haka ya yi da la'asar. Ya sallame, ya karɓi bindigar, ya kai ta bakin kube ya tura. Leɓen fatar nan mai laushi ya naɗe ya shiga zoben kunama, bindigar ta tashi. Harsashi ya bi cinyarsa ya tsinke babbar jijiya. Bakari ya ɗaure wurin da rigarsa, aka jefa shi bayan wata motar ɗaukar kaya, amma duk wanda ya san cunkoson manyan motoci a bakin tasha da yamma ya san ƙarshen zancen. Bai kai asibiti ba. Bakari ya rantse mini da Allah yatsan Sanusi a miƙe yake a waje, bai je kusa da kunama ba.

Ranar sadakar uku mutanen kamfani suka zo da buhun shinkafa, suka ce mana yako, wato sannu da rashi, suka tafi suka shaida wa duniya cewa ganganci ne. Na tashi zan yi magana, dattawan unguwa suka zaunar da ni. “Hajiya, kwana ne ya ƙare. Kuma mu baƙi ne a ƙasar mutane, a bi a hankali.” Baƙi? Yaron da aka binne cibiyarsa a Treichville? Na yi imani da ƙaddara, ba wanda zai koya mini ita, na binne uwa na binne uba. Amma ba ƙaddara ce ta shafa man kaɗanya ba, ba kuma ita ta ce wa mai ƙorafi ya san yadda zai yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi: washegarin mutuwar aka wanke kuben da sabulu, aka shanya, aka ɗaura wa Bakari. Da shi ya ci gaba da gadi har ranar da ya ajiye aikin.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, da Sanusi zai dawo ya ga yau, me zai ce? Zai ga kamfanonin tsaro sun yi yawa, kowane shago da mai gadinsa, kaki sabo, takalmi na ƙyalli. Zai ji ana cewa an ci gaba, yanzu akwai kube na roba mai tauri, mai makulli, wanda ba ya sakin bindiga sai mai ita ya danna. Gaskiya ne akwai nagari, waɗanda aka ƙera wa kowace bindiga nata, kuma kamfanin da ya ɗauki ran ma'aikacinsa da daraja yana sayen su. Amma ni a kasuwar Adjamé nake sayar da atamfa, Black Market na bayan rumfata kaɗan. Na shiga na gan su a rataye tsakanin rigunan waya da caja. Na ɗauki ɗaya, mai kayan ya ce, “Orijinal ne, Tanti, kowace bindiga yana ɗauka.” Na danna makullin ya buɗe, na sake dannawa ya maƙale. Ko ni da ban taɓa riƙe bindiga ba na san abin da ya ce yana ɗaukar kowace, ba wadda ya riƙe da gaske. Araha ba ta ado, balle tsare rai. Na tabbata da Sanusi ya gani ba zai ce komai ba, zai sa babban yatsa ne kawai ya danna.

Mansur yana da shekara goma sha biyu ubansa ya rasu. Ya girma a hannun uwarsa, ya yi ta neman aiki, daga ƙarshe wani kamfanin tsaro na daban ya ɗauke shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, aka yi ta yi masa murna. A daminar nan ya zo rumfata cikin kaki don ya gaishe ni, yana tafe yana buɗa kafaɗa. Na tambaye shi irin kuben da suke ɗaurawa, da ko nasa ne shi kaɗai. Ya ce na fata ne, kuma karɓa-karɓa suke yi. Da ya ga fuskata ta canza sai ya yi murmushi ya ce:

“Tanti, ki kwantar da hankalinki. Ni ba na wasa da bindiga kamar Baba.”

Yaron nan ya tashi yana jin kunyar ubansa, kuma ƙaryar da aka yi wa mamaci ta koya masa cewa haɗarin a hannu yake, in dai ya natsu ya tsira. To ubansa ya fi shi natsuwa. Ranar na rufe rumfa da rana tsaka, na ja shi zuwa wurin Bakari, wanda yanzu yake tuƙa tasin da ake kira woro-woro. Bakari ya kashe mota, ya dube shi da kyau ya ce, “Peti, ɗana, ni na riƙe wa babanka bindiga ya yi salla. Ban taɓa ganin mai tsoron bindiga kamarsa ba. Etuwi ne ya kashe shi, kuma shef ya sani.” Ya ba shi labarin duka, har da wankin sabulu. Ni kuma na gwada masa yadda ubansa ya danna bakin jakata da babban yatsa. Mansur ya juya ya tafi.

Washegari da aka zo miƙa masa ɗamara, sai ya danna bakin kuben da babban yatsa. Ya lanƙwashe ciki. Ya ce ba zai ɗaura ba sai an canza. Shef ɗinsu ya ce ya tuɓe kaki ya tafi gida, masu neman aikin suna nan a bakin ƙofa. Yanzu yana zaune ba aiki. Uwarsa ta ce na cire wa maraya loma daga baki, dattawan nan dai suka ce Hajiya ba ta da haƙuri, shi kansa in mun haɗu gaisuwarsa a taƙaice take. Na ji, na ɗauka. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ya yi ta fushi da ni har tsufansa, in dai da ƙafafunsa biyu yake wuce ni.

In na auna abin da ya rage na Sanusi, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, sunansa ma sai da suka ɓata kafin ƙasar kabarinsa ta bushe. Abin da ya bari shi ne dannawar nan ta babban yatsa, kuma ta isa ga ɗansa a kan lokaci. An ce mini Mansur ya ciro hoton ubansa daga ƙasan akwati ya rataye a ɗakinsa. Wannan ya ishe ni ta wajen namu gidan.

Amma kuben da Mansur ya ƙi ba a jefar da shi ba. A ranar aka ɗaura wa wani yaro daga cikin masu jira a bakin ƙofa. Ban san sunansa ba, ban san uwarsa ba. In ke ce uwar tasa, ki ce masa yau ɗin nan ya danna bakin kuben ya gani. Kada ki jira sai sun kawo miki buhun shinkafa.