Baba Mati Mai Faci da Ƙafar Khalilu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar bazara, zafi kamar zai gasa mutum, hadari ya haɗo daga gabas ya watse ko ɗigo bai zubar ba. Bayan la'asar Baba Mati ya rufe rumfarsa ta facin keke, ya ɗaura jarkar ruwan randa da jakar agaji a bayan kekensa, ya nufi filin ƙwallo. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan zirga-zirga, ba wanda ya aike shi.

Fili dai suna ne kawai. A ƙauyenmu ba inda ba a nomawa, gonar Alhaji Nababa ake ara bayan girbi a baje kunya a kafa sanduna. Ruwan farko na sauka, ƙwallo ta tashi. Kututturen dawa kuwa Baba Mati kaɗai ke bi yana tonewa, samari na yi masa dariya.

A shekarun nan da gero ya gagari talaka, shiga mota zuwa asibiti ya zama sai wane da wane, shi ne asibitinmu. Abin da ya koya wurin 'yan agaji tun yana saurayi, da shi yake aiki. Karan dawa ne abin tallafe karaya, tsohon zanen matarsa Furera da aka tafasa shi ne bandeji. Kowa ya ga ranar da Ja'afaru mai tsaron gida ya yi karo ya suma, jama'a suka taso za su jijjiga shi su ɗura masa ruwa. Baba Mati ya durƙusa ya riƙe kansa, ya ce, "Duk wanda ya motsa wuyan nan, ni da shi ne!" Ga Ja'afaru can yana tallan rake da ƙafarsa.

To, a Asabar ɗin ƙafar Khalilu ta faɗa rami, idon sawu ya gurɗe. Khalilu shi ke ci mana ƙwallo, shi kaɗai ne kuma ke noma wa mahaifiyarsa Inna Rahmatu gona. Kafin Baba Mati ya iso, ƙarti uku sun kama ƙafar suna ja, don mu a nan kowane ciwo maganinsa ja ne.

"Ku sake shi! Ƙafa ce ko igiyar guga?"

Ya kwarara mata ruwan sanyi, ya ɗaure, ya ɗora ta kan jarka. "Gobe a je a ɗau hoto. Sati shida ba kai ba ƙwallo."

"Haba Baba, Juma'a ce fa wasan ƙarshe. Ba ka ga hadari ba?"

"Na gani. Hadarin ne zai yi wa Innarka huɗa?"

Shugaban ƙungiya ya ce, "Baba, tayar keke ka sani, ka bar mana ƙafa." Aka tuntsire da dariya. Baba Mati ya je har gida ya roƙi Inna Rahmatu, ta hana ɗanta. Ran Juma'a 'yan ƙungiya suka jira ta shiga unguwa, suka gasa ƙafar da ruwan zafi, suka ɗirka masa maganin kashe ciwo, suka tura shi fili. Minti ashirin ya yi. Ƙarar da ƙashin ya yi, har masu tallan gyaɗa sun ji.

Wa ya tallafe shi da kara, ya tura shi a amalanke har bakin titi? Mai tayar keken nan dai.

Baba Mati, kai ne ba ka taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, alhali ka faɗa har muryarka ta dushe. Gatan mai rauni, mun gode, Allah ya saka da alheri. Bana idonka ya yi rauni, ka rataye jakar a rumfa. Samarin garin nan, mu je mu zauna ya koya mana tun yana iyawa, mu kuma daina jan ƙafar mutane, don Allah!

Ruwan ya sauka ran Lahadi. Kofi ya tafi ƙauyen gaba, ci biyu da nema. Gonar Inna Rahmatu rabi aka nome a daminar. Khalilu ya yi wata huɗu a kwance, ya tashi da ɗingishi. Jakar kuma watanta uku a ƙusa, ba wanda ya sauke ta.