Manusos da Gangaren Cocin Annabi Iliya

Da safe Manusos Kalerakis yakan ɗaga ƙofar garejinsa, ya ajiye kofin gahawa a kan tsohuwar taya, ya zauna yana sauraron hanya. Daga kukan inji yake gane mai zuwa. A ƙauyenmu na tsibirin Kirit kusan kowane gida da a-kori-kura mai shan gas, kuma ba wadda hannunsa bai taɓa ba. Wannan watan zai rufe garejin. Hannun ya fara rawa.

Yana da al'ada guda. Duk wanda zai sayi mota, sai ya ɗaura mata tankin ruwa cike, su hau tudun cocin Annabi Iliya, sannan su gangaro. Masu saye ƙarfin ja suke tambaya. Shi saukowa yake kallo.

Haka ya gwada sabuwar motar da Sifis, surukin Arjiro mai tumaki, yake son saye. Ta hau kamar ba ta ɗauke da komai. A saukowa birkinta ya fara ƙauri.

"Ja kam ta iya," in ji Manusos. "Amma kada ka sauko da kaya mai rai a bayanta."

Sifis ya yi dariya. "Kawu, hassada ce kawai. Akwalar taka ko inuwarta ba ta iya ja."

Ya saya.

Bazarar da ta wuce wutar daji ta ƙetaro tsauni da tsakar rana. Garken Arjiro yana can sama, bayan cocin, kuma tumakin nan su ne duk abin da ta mallaka. Motar Sifis ce ta ja babbar tirela zuwa sama cikin sauri, abin da tsohuwar motar Manusos ba za ta iya ba. Manusos ya biyo baya a tasa yana tari. Aka cusa tumaki a tirelar. Toka tana sauka a kan gashinsu.

Manusos ya dafa ƙarfen tirelar. "Kwance ta. A ɗaura wa tawa."

"Yanzu? Kawu, ka ga wutar kuwa?"

"Na gani. Kwance."

"Wallahi tsufa ya taɓa ka!"

Arjiro ta dubi wutar, ta dubi gangaren. Ta ce, "Sifis, rufe mini baki ka kwance. Tumakina ne."

Aka sauya. Sifis ya shige gaba da fitilu a kunne domin hayaƙi ya rufe hanya. Manusos ya sa giya mafi ƙanƙanta, ya janye ƙafarsa daga birki, ya bar injin yana riƙe nauyin. Motar tana tafiyar tsohuwa. A kowace kwana tumakin sukan zube gefe guda, tirelar ta turo bayan motar zuwa bakin kwazazzabo. Arjiro, da ke zaune kusa da shi, ta ce daga baya zafi ya riƙa dukan ƙeyarta.

"Taka mana, Manusos! Za mu gasu!"

"Riƙe ƙofa."

Wani abu ya fara ƙara a ƙarƙashinsu, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ya san mene ne. Da hannunsa ya haɗa giyar nan tun yana da baƙin gashi. Bai sassauta ba. Birkin da ya adana sai a kwanar ƙarshe ya taka shi, ya kuwa kama.

Sun iso dandalin ƙauye. Tunkiya ko ɗaya ba ta mutu ba. Motar ce ta mutu a nan, gaban shagon burodi, ba ta sake tashi ba. Arjiro ta kai masa cuku, ya karɓa. Maganar motar kuwa ya hana a yi.

Kai ne, Manusos, ka ji kukan motarka har ƙasa ba ka tausaya mata ba, saboda dabbobin wata. Mai kunnen inji, kai ne aka kira tsoho mai hassada, ba ka rama ba. Mun gode.

Tankin ruwan yana nan a ƙofar gareji. Makon jiya an ga Sifis ya tare wani maƙwabcinsa da ke shirin sayen mota, yana ɗaura wa motar tankin.

"Mu je tudun coci tukuna," ya ce.

Wanda duk zai sayi mota a garin nan, ya bi su.