Addar Yaya Sale da tuffar Hadiza

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar wana, Yaya Sale, kuma har yau in na ga kututturen itace sai na sunkuya na duba gindinsa. Shi ya bar min wannan halin.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin shi ne mai kula da wani dogon gini a unguwar Mount Hope, a nan ƙasar wajen da muka zo ci-rani, ni kuwa ina jan tasi, ina kwana a falonsa. Bayan ginin akwai wata bishiya mai warin tsiya, wadda aka ce daga wata ƙasa aka kawo ta. Ka sare ɗaya, goma su fito, saiwarta tana tsaga siminti. Yaya manomi ne tun daga gida, bai iya kallon ciyawa ta fi ƙarfinsa ba.

Wata rana ya lura da wani kututture da bai sake tofo ba, jikinsa duk wani abu mai ruwan shuni, dangin laimar kwaɗi. Ya kankaro shi da adda ya riƙa shafa wa duk inda ya sara. Ai kuwa da yawansu suka mutu murus. Na ce masa, "Yaya, abin da ke cin itace a ɓoye ni tsoro yake ba ni." Dariya ya yi, ya ce direba me ya sani a noma.

A filin bayan ginin nan akwai bishiyar tuffa guda. Matarsa ce ta dasa ta a inda suka binne cibiyar 'yarsu Hadiza, kuma ita kaɗai ce abin da suke kira nasu a ƙasar nan. Da lokacin sassabe ya zo, ya goge addar a ƙafar wandonsa kamar yadda ake yi a gona, ya rage mata rassa. Bazara ta gaba ganyen ya fito fari-fari kamar dalma. Shekara biyu yana jinyarta, reshe bayan reshe, sannan ya sare ta da hannunsa, Hadiza tana makaranta. Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar.

Yanzu na ji masana suna kiwon wannan abu da gangan, suna shafa wa bishiyoyin da suka addabi daji. Ko me zai ce? Ina jin ba zai yi alfahari ba. Tambayarsu zai yi ko suna wanke addarsu, da kuma bishiyar wa ke kusa.

Mutumin kirki ne, ya gyara da yawa, ya ɓata ɗaya, kuma ɗayan nan ne ya bi shi har kabari. Ya roƙe ni in ce wa Hadiza iska ce ta kayar da tuffar, kuma haka nake faɗa mata duk shekarun nan. Hadiza, yanzu kin haifi naki, ni kuma na tsufa. Ba iska ba ce. Ki yafe masa, ki yafe min.