Kazar da Na Yanka Ranar Juma'a

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata a Riruwai. Tsohuwa ce 'yar Katolika, mijinta ya zo haƙar kuza tun ban san kaina ba, ya mutu ya bar ta nan. Mama nake ce mata. Ita ta yi min wankan jego a haihuwata ta fari, don uwata tana can Burumburum ba lafiya.

Shekarar da ciwo ya kwantar da ita, cikin azuminsu ne na kwana arba'in. Abinci ya ƙi shiga, cokali biyu na koko sai ta kau da kai. Na san ba sa cin nama ranar Juma'a, amma ni a zatona na shanu da awaki ake nufi. Sai na sa maigida ya yanka kazata mai ƙwai, na yi farfesu da citta da kanumfari, na kai mata da zafinsa.

Ta buɗe kwanon, ta shaƙi ƙamshin, ta mayar ta rufe.

"'Yata, yau Juma'a."

"To ai kaza ce, Mama!"

"Kaza ma nama ce a wurinmu. Kifi ne ba laifi, da ƙwai, da nono."

"Haba Mama! Mu ko Ramadan an ɗauke wa mara lafiya."

"Ni ma Fada, limamin cocinmu, ya ce an ɗauke min. Amma tun ina yarinya ban taɓa karyawa ba, ba zan fara a kan gado ba."

Ni kuwa zuciya gare ni, Allah ya yafe min. Na suri kwanona, na ce tunda girkina ba ya ciwuwa, shi ke nan. Na juye wa yara, suka shanye har romon. Washegari ina jin tarinta ta katanga, na ƙi leƙawa.

Lahadi da hantsi ta rasu.

Muna zaman makoki, 'yarta da ta yi jinyarta ta matso kusa da ni. Wallahi da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce:

"Ranar Asabar da safe ta ce yau kam za ta sha farfesunki, Juma'a ta wuce. Na ce bari in je in karɓo, ta ce a'a, ta san halinki, kin ajiye mata, in kin huce da kanki za ki kawo. Har la'asar ba ta yarda ta ci komai ba."